Waƙoƙin buɗe anime na yanzu suna gajiyar da kunnena: laifin waƙar ne ko na iyafis?

Sadiq_Gwale:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu ilimin sauti a zauren nan, musamman waɗanda suka san aikin situdiyo.

Ina da waƙoƙin anime, wato finafinan katun na Japan, da na tara a waya, tsofaffi da sababbi a cakuɗe, da su nake aiki idan na zauna gyaran hotuna. Abin da ke damuna shi ne ba na iya barin murya a wuri ɗaya. Idan kiɗan da Joe Hisaishi ya yi wa fim ɗin Spirited Away na 2001 ya shigo, sai na ƙara murya kafin in ji fiyanon sosai, kuma idan sauran makaɗan suka taso daga baya har a jikina nake jin tasowar. Haka ma kiɗan buɗe Cowboy Bebop na 1998, wanda Yoko Kanno ta tsara: ina jin kowane bugun ganga daban, ina jin bes ɗin yana tafiyarsa a ƙasa, masu busa kuma in suka shigo sai ka san an shigo.

Amma da zarar wata waƙar buɗewa ta 'yan shekarun nan ta biyo baya, sai in zabura in kai hannu in rage. Ko na rage ɗin ma ban huta ba. Muryar mawaƙiyar da jita da ganga duk suna cunkushe a wuri guda. Amshin waƙar, inda ya kamata a ce komai ya buɗe, bai fi baitin da ya gabace shi ƙarfi ba. In na ji irinsu a jere sai kunnena ya yi nauyi, in cire iyafis ɗin in ajiye, alhali waƙoƙin ina son su ƙwarai.

Na ɗora guda biyu a Audacity, manhajar gyaran sauti, don in ga zanen sautinsu. Na tsohuwar yana hawa yana sauka, da tsini-tsini sirara wajen bugun ganga. Na sabuwar kuwa kamar bulo, sama a daddatse, ƙasa a daddatse, tun daga sakan na farko har ƙarshe.

Me ake yi wa waƙoƙin nan? Da gangan ne? Kuma idan na tara kuɗi na sayi iyafis mai tsada, abin zai gyaru?

Kawu_Mai_Situdiyo:

Wa alaikumus salam ƙanina. Riƙe kuɗinka tukuna, iyafis ɗinka ba shi da laifi a nan. Abin da idonka ya gani a Audacity shi ne kunnenka ya riga ya faɗa maka.

Sauti na dijital yana da rufi, ana kiransa 0 dBFS. Babu abin da ke wuce shi, duk abin da ya yi yunƙurin wucewa yanke masa kai ake yi, ka ji wata ƙara kamar ta tsagewa. Faifan CD da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 yana da bit 16, wato fili na kusan desibel 96 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti) daga ƙasa zuwa rufin nan. Fili ne isasshe har da ragi. Sai dai kunne ba tsinin sauti yake aunawa ba, matsakaicin ƙarfinsa yake ji. A waƙar da ba a taɓa ba, bugun ganga ne yake kai wa rufi na ɗan ƙiftawar ido, sauran kayan kiɗan da murya suna zaune can ƙasa da shi. To idan ka danne tsinin gangar nan da desibel 6, ka samu damar ɗaga waƙar gaba ɗaya da desibel 6 ba tare da ka fasa rufi ba. Aikin na'urorin danne sauti, kwamfiresa da limita, ke nan a matakin ƙarshe da muke kira mastarin. Ka danne kaɗan, waƙa ta haɗu ta yi kyau. Ka ci gaba da dannewa kana ɗagawa, sai a wayi gari babu tazara tsakanin wuri mai laushi da wuri mai ƙarfi, zanen ya koma yadda ka gani.

Abin ya yi sauƙi ne a tsakiyar shekarun 1990, da limita na kwamfuta irin L1 na kamfanin Waves, wanda ya fito a 1994. Shi yana leƙa sautin da ke tafe kafin ya iso, ya danne tsinin tun bai taɓa rufi ba. Daga nan aka shiga gasa, kowa yana son tasa ta fi ta maƙwabci tashi. Ba a Japan kaɗai ba ne. Labarin da ya fi shahara na ƙungiyar Metallica ce a Amurka, da albam ɗinsu Death Magnetic na 2008. Mutane suka gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na CD tsafta da sarari, aka yi ta ƙorafi. Injiniyan da ya yi mastarin ɗin, Ted Jensen, ya bayyana cewa a matse waƙoƙin suka iso masa tun daga miksin, wato matakin haɗa murya da kayan kiɗa. Ka riƙe wannan, domin ba kullum mai mastarin ne da laifi ba.

Me ya sa ake yi, alhali kowa ya san illar? Saboda kunne yana ruɗin mai shi. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa jin ɗan Adam ba daidai yake a kowane ƙarfi ba: sauti in ya ƙara ƙarfi, bes da sama-sama sun fi fitowa. Don haka in ka kunna wa mutum waƙa ɗaya sau biyu, ta biyun ta ɗara da desibel ɗaya kacal, zai ce ta biyun ta fi daɗi, kuma da gaskiyarsa yake faɗa. Ina ganin haka a ɗakina. Mawaƙi zai zo karɓar aikinsa, mu saurara a sifikun situdiyo, ya yaba. Sai ya ciro wayarsa ya kunna waƙar wani, ya kunna tasa, ya dube ni ya ce, “Kawu, tasa ta fi tawa tashi.” In na ce ya ƙara murya kawai, sai ya ga kamar gudun aiki nake. Nakan daidaita ƙarfin biyun a gabansa in sake kunna masa. Wasu su gane nan take, wasu su ce dai a ƙara.

Abin takaicin shi ne yanzu gasar ba ta da riba a yawancin wuraren da ake sauraro. An samar da ma'aunin ƙarfin sauti yadda kunne ke jinsa, ITU-R BS.1770, a 2006, daga shi aka samu awon da ake kira LUFS, wanda in lambarsa ta fi kusa da 0, sautin ya fi ƙarfi. Tashoshin Turai suka tsayar da -23 a ƙa'idar EBU R128 ta 2010. Tashoshin talabijin na 'yan kasuwa a Japan suka fara aiki da -24 a watan Oktoban 2012. Spotify yana daidaita waƙoƙi a -14, YouTube ma kusan nan, Apple Music wajen -16. Waƙar anime ta zamani kuwa ba abin mamaki ba ne ka auna ta ka samu -7 ko -6. Spotify zai sauke ta da desibel 7 ko 8 ta zauna daidai da kowa. Ƙarfin da aka matse ta dominsa ya tafi, matsewar kuma tana nan. Ita kuwa waƙar da aka bar mata sarari, gangarta na nan tana haurawa sama, sai ta zama ita ce mai rai a tsakaninsu.

Fayilolin da ke wayarka babu mai daidaita su, shi ya sa hannunka bai huta ba. Nemi manhajar kunna waƙa ta foobar2000 a kwamfuta, ka sa ya auna su da ReplayGain, tsarin daidaita ƙarfin waƙoƙi, sannan ka yi amfani da manhajar waya da ke karanta shi, irin Poweramp. Zaburar za ta daina. Nauyin kunnen zai ragu, amma ba zai tafi duka ba.

Ummi_Damagaram:

Kawu, na ƙaru da bayaninku, Allah ya saka. Amma ku yi mini izini in saɓa muku a wuri ɗaya, domin ina ganin an ɗan zalunci waƙoƙin nan a kwatancen.

Sadiq, ka ɗauki kiɗan makaɗa masu yawa da aka yi don raka fim a sinima, ka aza kusa da waƙar buɗe shirin talabijin. Ba aikinsu ɗaya ba. Waƙar buɗewa sakan 89 take da shi, a cikin minti ɗaya da rabi da tasha ta ware. A ɗan wannan lokacin sai an yi gabatarwa, an yi baitin farko, an yi na biyu mai hawa, an shiga amshi, an rufe, kuma duk a tafi tare da hotunan da ke gudu a allo. Babu lokacin a fara a hankali a riƙa ginawa. Shi ya sa masu tsara su suke cika su maƙil: jita biyu ko uku masu kaushi, fiyano mai gudu, goguna a sama, kiɗan kwamfuta a ƙasa, ganga mai sauri, ga murya an ninka ta sau da yawa. Jita mai kaushi ita kanta ba ta da tsini sosai, a matse take fitowa tun daga amfilifaya. In ka tara irin waɗannan, ko ba a kai ga mai mastarin ba zanen ya riga ya cika.

Kuma masu son salon, cikar nan suke so. Ni ina cikinsu. Akwai wani zafi da nake ji idan komai ya taso mini lokaci ɗaya, wanda ba na samu a kiɗa mai sarari. Ba zan so a mayar da waƙar buɗe shirin yaƙi ta koma mai sanyi ba don a samu lamba mai kyau a manhaja.

Nauyin kunnen da kake ji ma ina zargin ba matsewa kaɗai ba ce. Kunne ya fi jin sautin da ke tsakanin kilohaz 2 zuwa 5, kuma a nan ne kaifin muryar mata mai tsayi da jita da goguna suke haɗuwa, sannan a ƙara musu haske don murya ta fito a ƙaramar sifikar talabijin. Gwada rage wajen kilohaz 3 zuwa 4 da desibel 2 a ikwalaizan wayarka ka ji.

Idan kana son kwatance na adalci, ɗauki shiri ɗaya, ka saurari waƙar buɗewarsa, sannan ka saurari faifan kiɗan cikin shirin. Sau da yawa za ka tarar na cikin shirin ya fi sarari, duk da shekara ɗaya suka fito. Sannan yawancin faifan waƙa ɗaya da ake sayarwa a Japan suna zuwa da kiɗan zalla ba murya, don masu karaoke. Saurari wannan. In an wuce gona da iri wajen matsewa, a nan za ka kama shi, don babu muryar da za ta ɗauke maka hankali.

Sadiq_Gwale:

Na gode Kawu, na gode Anti Ummi. Na gwada abin da kuka ce duka.

ReplayGain ya yi aiki, yanzu ina iya barin wayar a aljihu. Ikwalaizan ma ya taimaka, kaifin ya ragu.

Amma kiɗan zallan ne ya buɗe mini kunne. A amshin waƙar da na fi so, duk lokacin da babbar ganga ta buga, sai faya-fayan ƙarfen da mai ganga ke kaɗawa su nutse na ɗan lokaci su dawo, gogunan ma haka, kamar kiɗan yana shan numfashi da kowane bugu. Ƙaramar gangar kuwa ba ta da wannan “tas” ɗin, sai wani “faf” mai faɗi. Da na faɗaɗa zanen a Audacity sosai a daidai wurin, na ga kan igiyar a miƙe yake ɗoɗar na ɗan tsawo, ba a lanƙwashe ba. Anti, na yarda cikar salo ce, kuma ni ma ina son ta. Wannan yankewar dai ban ga abin da ta ƙara wa waƙar ba.

Na kuma samu wata manhaja a foobar2000 da ke ba da lambar DR, wadda ke nuna yawan sararin da ke cikin waƙa; ƙaramar lamba na nufin an matse ta. Waƙar ta ba da DR5. Na ga ana sayar da ita a shagunan intanet na Japan a bit 24, kilohaz 96, da tsada. In na saya zan samu wadda ba a matse ba? Wasu kuma sun ce faifan garmaho ya fi. Akwai ma masu cewa wata manhaja tana iya mayar da abin da aka yanke.

Kawu_Mai_Situdiyo:

'Yar uwa Ummi, maganarki gaskiya ce, kuma na karɓa: rabin cikar daga tsarin kiɗan take, ni ma ba na miksin ba kwamfiresa. Inda na tsaya shi ne abin da Sadiq ya gani da ya faɗaɗa zanen. Kai a miƙe yana nufin an tura sautin har ya daki rufi ya yanke. Waƙa za ta iya cika maƙil a -10 ko -9, da zafinta da komai, ƙaramar gangar kuma ta riƙe tsininta. Desibel ukun ƙarshen nan da ake ƙwato wa da ƙarfin tsiya su ne suke cinye gangar, kuma su ne Spotify yake fara zubarwa.

Sadiq, kan bit 24: abin da yake ba ka shi ne fili mai zurfi a ƙasa, kusan desibel 144 a lissafi maimakon 96. Rufin bai motsa ba. Idan mastarin ɗin da aka yi wa CD shi aka zuba a ciki, waƙarka tana nan a cunkushe a saman, ƙasan duk fanko. Akwai faya-fayan da ake sake musu mastarin na daban, akwai waɗanda ba a sakewa, kuma lambar bit ba za ta faɗa maka wanne ne ba. Shaguna irin mora da OTOTOY suna barin mutum ya ɗan saurara kafin ya saya. Saurari amshin, ka sa kunne a ƙaramar gangar nan da ka riga ka san ciwonta. In “faf” ɗin yana nan, bar musu kayansu.

Lambar DR kuma ka yi amfani da ita da hankali. Friedemann Tischmeyer da ƙungiyarsa ta Pleasurize Music Foundation ne suka fito da ma'aunin a 2009, kuma ya yi amfani wajen wayar da kan mutane. Amma abin da yake aunawa shi ne tazarar tsini da matsakaicin ƙarfi a wuraren da waƙa ta fi ƙarfi. Ba ya faɗa maka ko baiti ya fi amshi laushi. Kuma yana ruɗuwa da faifan garmaho: Ian Shepherd, injiniyan mastarin a Ingila, ya nuna cewa mastarin ɗaya tak in aka yanka shi a garmaho aka sake ɗauka, lambar tana hawa, saboda allura da na'urorin suna sauya siffar igiyar su ƙirƙiro tsini, alhali matsewar da ke ciki ba ta je ko'ina ba. Don haka in ka ga CD DR5, garmaho DR10, kar ka yanke hukunci sai ka ji.

Manhajar gyara, irin De-clip na iZotope RX, tana iya zana kan igiyar da aka yanke bisa hasashe, kuma tana rage tsagewar. Nutsewar da faya-fayan ƙarfen suke yi kuwa ba ta iya cirewa, wannan ya riga ya gauraya da komai.

Wani abu da ban faɗa ba ɗazu: ina ka samo fayilolin? Waƙar da ke manne da rufi ita ce ta fi wahala idan aka mayar da ita MP3 ko AAC, domin juyawar tana haifar da sababbin tsini da ke haura 0. Shi ya sa Spotify yake ba da shawarar a bar desibel 1 a ƙasan rufi, 2 ma idan waƙar ta fi -14 ƙarfi. In daga YouTube aka ciro ta aka juya MP3, sannan ka ji ta Bluetooth, sau uku ke nan ana juya ta. Wani ɓangare na tsagewar da kake ji zai iya zama daga nan ne, ba daga Japan ba.

Bashir_Direba:

Ni dai a mota nake jin nawa, hanyar Kano zuwa Zariya. Kiɗan Hisaishi da kuke yabo, da na hau titi injin da iska sun cinye shi, sai wuraren da ya tashi kawai nake ji. Waƙoƙin da kuke cewa an matse su ne nake jin kowace kalma. Kawu, ashe matsewar ba ta da amfaninta ke nan?

Kawu_Mai_Situdiyo:

Tana da shi Malam Bashir, a cikin hayaniya ita ce dai-dai, kuma masu yin waƙoƙin sun san da yawan masu sauraronsu a jirgin ƙasa suke da iyafis. Abin da nake so shi ne a bar wa na'urar mai sauraro ta yi matsewar lokacin da yake bukata. Spotify yana da zaɓin da ke ɗaga komai zuwa -11 da limita nasa, don irin wurin da kake. In ka isa gida ka kashe. Wadda aka matse tun a faifai kuwa, kai da mai zaune a ɗaki shiru abu ɗaya za ku ji.

Sadiq, saura abu biyu kan ReplayGain. Yana sauke komai zuwa wajen -18, don haka za ka ga kana ɗaga muryar wayar fiye da da, wannan ba matsala ba ce. Ka dai kula da kunnenka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyaka ga babban mutum, kai kuma yini kake da iyafis. Sannan yana da zaɓi biyu, na waƙa-waƙa da na albam. Jerinka na cakuɗe ka sa masa na waƙa-waƙa. Ranar da za ka ji faifan Hisaishi daga farko zuwa ƙarshe ka koma na albam, in ba haka ba zai ɗaga kiɗan fiyano mai laushi ya daidaita shi da na wurin tashin hankali, ya ɓata tazarar da aka bari tsakaninsu da gangan.